Mai miƙa wa Yaya kaba

Faɗan da Auta ta taɓa yi da yayanta, masaƙin tabarma, a kan baƙar kaba ne. Ta miƙa masa, ya juya ta a hannu ya ce, "Wannan ai koriya ce." Ta ce, "To sannu, mai ido ɗaya. Jiya-jiya aka buɗe ka, yau kai ne malamin launi."

Shi dai mutumin tun yana yaro yake saƙa a zauren gidansu. Bai iya noma ba, ciniki kuwa ko yaro ya cuce shi, amma in ya zauna da kaba sai ka ce tare aka haife su. Matarsa ta rasu, 'ya'ya suka watse neman abinci, sannan yanar ido ta rufe masa duka biyun. Hannu bai manta saƙa ba, launi ne ya gagara. Auta kuwa, da zawarci ya dawo da ita gida, ita ta zama idonsa. Ya ce ja, ta miƙa ja. Ita ke jan sandarsa zuwa gaisuwa, ita ke raɗa masa wa ya shigo, wa ya rame, wa ya sa rigar aro. Duniya sai yadda ta faɗa masa.

Sai likitocin ido suka sauka a makarantar ƙauyen, aiki kyauta. Aka fitar da bencina, aka shimfiɗa katifu a aji. Ido ɗaya suke yi wa mutum, ɗayan sai sun sake zagayowa. Ita ta kai shi da ƙafarta, ta zauna tana kore masa ƙuda. Da aka cire bandeji, wa ya fara gani? Nas, wata siririya mai tabarau. Tun daga ranar ba shi da zance sai "'yata nas". Hannunta sanyi, muryarta sanyi. Albarkar da bai taɓa sa wa mai jan sanda ba, ya juye wa mai ɗiga magani.

Sandar ma ya rataye ta. Ya fita shi kaɗai, ya dawo da labarin da ba ita ta ba shi ba.

Ran faɗan nan bai rama ba. Ya tashi ya warware tabarmin bara da suka ƙi sayuwa, ya baza a rana.

"Auta, wannan layin wane launi ne?"

"Baƙi."

"Wannan fa?"

Ta matsa, ta ƙanƙance ido. "Baƙi mana." Layin kuwa kore ne shar.

Ya daɗe yana duban ƙwayar idonta. "Tun yaushe kike ganin hayaƙi?"

"Wanda ke gaban murhu ai dole ya ga hayaƙi."

"Ashe mu biyu muke lalube, ke ce dai mai baki."

Ta yi tsaki, ta kwashe kabarta ta shige ɗaki.

Da likitocin suka dawo, ya sauko da sandar, ya kama gaba, ya miƙa mata baya. Ta yi ta mita a hanya, wai saurinsa ya yi yawa, wai bai iya faɗin rami ba sai an faɗa ciki. A ƙofar aji nas ta fito da fara'a za ta karɓe ta. Auta ta ƙi sakin sandar, ta jawo shi kusa.

"Yaya, ran da za a cire mini bandeji, kai za ka tsaya a gabana. In na buɗe na ga 'yar nan taka, wallahi rufewa zan yi."