Kocin Da Ya Ajiye Gwaninsa A Wasan Ƙarshe

Wata rana, a wani ƙaramin gari na bakin teku a ƙasar Kuroshiya, wani koci mai suna Tihomir ya shiga ɗakin canza kaya bayan atisaye, ya tarar an yi tsit.

Tihomir ba tauraro ba ne. Shekara goma sha huɗu ya yi yana buga baya, daga wannan ƙaramar ƙungiya zuwa waccan, rabinsu a kan benci. Gwiwa ta raba shi da ƙwallo yana da talatin da biyu. Ya koma koyarwa, ya sha kora har sau biyu, kafin ya samu wannan ƙungiya ta rukuni na biyu.

Yanzu saura wasa ɗaya. In sun ci, za su hau rukunin manya, abin da garin bai taɓa gani ba.

Me ya kawo shirun?

Nenad, ɗan gabansu mai ƙwallo goma sha tara a kakar, ya ga tabo a rigarsa ta wasa. Sai ya dunƙule ta ya jefa a fuskar dattijuwar da ke musu wanki. Sunanta Jagoda, kowa na ce mata Teta, wato Gwaggo. Ta sunkuya ta ɗauki rigar.

Tihomir ya ce wa Nenad ya ba ta haƙuri. Nenad ya yi dariya ya fice.

Washegari aka kafe sunayen masu bugawa. Babu Nenad, ko a benci.

Kafin azahar shugaban ƙungiya ya iso filin, ko motarsa bai kashe ba.

"Koci, kanka ɗaya kuwa? Saboda mai wanki? In muka faɗi ranar Asabar, ka tattara kayanka."

"Na ji, Shugaba. In na sa shi, na gaya wa yara ashirin cewa wanda ya iya cin ƙwallo yana da lasisin wulaƙanci. Wannan bakina ba zai iya faɗa ba."

Ya faɗa da ƙarfin hali, amma a ransa yana lissafi. Wanda aka kora sau uku, wa zai sake ɗaukarsa?

Asabar ta zo. Minti na ashirin aka zura musu ɗaya. Magoya baya suka dinga kiran sunan Nenad, wani har da jifa da gorar ruwa.

A hutun rabin lokaci Tihomir bai ɗaga murya ba. Ya sauya mutum biyu, ya ce a riƙa bi ta gefe, ƴan bayan abokan karawarsu sun gaji.

Minti na sittin da uku, suka farke.

Saura minti biyu a tashi, suka samu bugun kwana. Kyaftin Dalibor, ɗan baya mai shekara talatin da biyar, wanda duk kakar bai ci ko ɗaya ba, ya tashi sama ya sa kai.

Raga!

Fili ya rikice. Waɗanda suka zagi Tihomir ɗazu su ne suka tsallako suka ɗaga shi sama. Shugaba ya rungume shi yana hawaye, kamar ba shi ba.

Ranar Litinin Nenad ya je ɗakin wanki da ƙafarsa, ya ba Teta Jagoda haƙuri. Ta yafe. Tihomir ya mayar da shi cikin ƴan wasa, kuma shekara bakwai kocin ya yi yana jan ƙungiyar a rukunin manya.

Darasi: Shugaban da ya tsaya wa mafi rauni a cikin mutanensa, sauran za su yi masa aikin da albashi ba ya sa a yi. Kada gwanintar mutum ta sa ka kau da kai daga rashin mutuncinsa.

In akwai mai riƙe da jama'a a cikin abokanka, tura masa wannan ya karanta.