Allon da Loretta Ke Tugewa

Loretta Pettway kuku ce a wata firamare a jihar Alabama ta Amurka, mijinta Darnell kuma shi ke horar da 'yan bayan ƙungiyar ƙwallon kwalejin garin. Bana bayan nan rariya ne, kowa ya zo wucewa yake! A nan kuwa in an lallasa ku, sai magoya baya su kafa wa koci allon "gidan sayarwa" a ƙofar gida, wato ya tattara ya bar gari. Duk Lahadi, washegarin wasa, takan riga Darnell fita ta tuge, don sun sha barin gari kan haka. Rannan ta tarar da shi tsaye gaban allon.

Ta ce, "Matsa in cire, aikin 'yan iska ne kawai!"

Ya ce, "Bar shi, uwargida. Shugaban kwaleji ya kira yanzu. Fara haɗa tukwanenki."