Ɗaki Mai Gado Biyu a Wad Madani

Har yau ba na iya barcin kirki a ɗakin otal. Sana'ata ta sayen riɗi da gyaɗa ta kai ni garuruwa da dama, kuma ko'ina labarin ɗaya ne. In kwanta, in juya dama, in juya hagu, in tashi in kashe fanka, in sake kunna ta, in ƙura wa silin ido har ladan ya yi kiran farko. Matata ta ce shayi ne ya yi mini yawa. Ni dai na san ba shayi ba ne. Mutumin da ya tashi yana kwana a fili, in ka kulle shi tsakanin bango huɗu ka ba shi katifa mai laushi, aiki ka ba shi.

A ƙauyenmu da ke bakin kogi, tsakanin Sinnar da Madani, ɗaki na ajiyar kaya ne da fakewa ruwan damina. Da la'asar sakaliya 'yan mata za su share tsakar gida su yayyafa ruwa, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi. Sai a fara fito da angarib, gadon nan namu na katako da aka saƙa da igiya, kowa da nasa, kowa kuma ya san inda yake ajiye shi. Mata da yara a cikin gida, maza a ƙofar gida kusa da tulunan ruwa. Kana kwance iska na shiga maka ta ƙasa ta tsakanin igiyoyi, kwaɗi na ta kuka a magudanar ruwan gona, wani dattijo na tari can nesa, kai kuma ka san ko wane ne daga tarinsa. Ba na tuna na taɓa neman barci a wancan zamani. Shi yake zuwa ya same ni. Ina kewar wannan kwanan fiye da yadda zan iya faɗa.

Amma rashin barcin otal da ya fi tsaya mini a rai ba nawa ba ne. Na mahaifiyata ne.

Ni ne ɗanta na fari. Ana yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni, a gefenta na girma, kamar yadda ake yi wa 'ya'yan fari a wurinmu. Inna ba ta taɓa kama sunana ba, "ɗan tsohuwa" take ce mini. Daga baya na tafi makaranta Madani, na zauna can, na yi aure can, harshena ya fi sabawa da Larabci. Kunyar ɗan fari na san da ita, amma na ɗauka irin abin nan ne da shekaru ke cinyewa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Bayan rasuwar babanmu yana ta fara rufe wa Inna ido. Na hagu ya tafi, na dama ya bi sahu. Matar da ta shekara da shekaru tana tsinkar auduga a hawasharmu, gonar da hukumar noman rani ta ba babanmu, ta koma sai ta lalubi bango kafin ta kai ga buta. Muka ji wani babban likitan ido zai zo daga Khartum ya yi kwana uku a wani asibiti a Madani, daga Lahadi zuwa Talata, in ya tafi kuwa sai bayan watanni. Ƙanwata, wadda ta saba yi mata komai, tana jego. Ƙanena kuma layin ban ruwan alkamarsa ne ya zo, ba ya iya motsawa. Matata ta tafi ganin gida Sinnar da yara. Sai ni.

Na je na ɗauko ta ranar Asabar. Gidana yana can ƙarshen gari, ga shi an ce a zo asibiti da sassafe, don haka na kama mana otal a kusa. Ba lokanda irin ta fatake ba, inda ake jera gadaje a tsakar gida. Otal sosai, hawa na biyu, da na'urar sanyaya ɗaki, da bayi a ciki. Ɗaki ɗaya na kama mai gado biyu, don kada ta tashi cikin dare ta faɗi ba kowa kusa. Gaskiya har da alfahari. Ina so a koma ƙauye a ce ɗan tsohuwa ya sauke uwarsa a wurin manya.

Da muka yi sallar isha'i na kakkaɓe mata gado na ce, "Inna, ga wurin kwanciya."

Ta ce, "To. Ina zuwa."

Ta zauna kan dardumarta, ta jingina da bango, ta ja mayafi ta rufe har ƙafa, carbi a hannu. Na kwanta ina ta juye-juyena da na saba. Duk sa'ad da na buɗe ido tana nan zaune. Na ce a raina tsohuwa ce, gobe za a taɓa mata ido, bari ta yi addu'arta.

Da safe ma'aikaciyar jinya ta ɗaura mata abin awon jini a hannu, ta duba, ta sake dubawa, ta kira likita. Ya ce jininta ya hau, ba zai sa wuƙa a idon da jini ke bugawa haka ba. Ya ba da ƙwaya, ya ce ta samu barci sosai, mu dawo gobe.

Nan na tashi haiƙan gyaran ɗaki. Na ce sanyin na'ura ne ya hana ta, na kashe, na buɗe taga. Na ce katifar ce ta yi laushi, na sauka na roƙi mai gadin otal ya ara mini angarib ɗinsa. Muka hau da shi bene ni da shi, yana gaba ina baya, ma'aikata na ta dariya. Na sayo madara mai ɗumi. Na rufe fitila da tawul. Duk dabarar da na taɓa gwadawa a kaina ba ta yi mini aiki ba, na juye wa Inna ita.

Ta shafa igiyar gadon da hannu ta ce, "Saƙar ga ta yi kyau." Sai ta koma kan dardumarta.

Wajen tsakar dare na ga kanta yana rinjaya a hankali har haɓa ta taɓa ƙirji, sai ta zabura ta miƙe zaune, ta gyara mayafi. Sau uku ina gani. A na huɗun haƙurina ya ƙare. Ni mutum ne mai saurin fushi, ban ɓoye ba, kuma tsoro ya fi komai sa ni fushi.

Na ce, "Inna, don Allah mi kike so? Na kawo gado, na kawo madara. So kike likitan ga ya tahi ki zauna cikin duhu har ƙarshen rayuwa?"

Ta gyara mayafinta. Sannan ta juya fuska wajen bango ta ce, "Barci ba a yi mashi tilas."

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ran nan, kuma har gobe in na tuna sai na ji zuciyata ta yi nauyi.

Ranar Litinin jinin ya fi na jiya hawa. Likita ya cire tabarau ya wanke ni tas da Larabci, ya ce in gobe aka zo masa da ita haka, to sai wani zuwan, kuma bai san ko idon daman zai jira shi ba. Na mayar da Inna ɗaki, na sauko kamar wanda aka yi wa duka.

A gindin wata darbejiya da ke ƙofar otal akwai wata dattijuwa mai sayar da shayi. Na zauna kan ɗan bencinta na nemi shayi da Larabci. Ina jira na yi tsaki na ce da Hausa, "Wannan wace irin masifa ce." Ta ɗago kai.

"Ashe kai namu ne," in ji ta. "Mi ya same ka, ɗana?"

Na kwashe labari na ba ta, tun daga yana har angarib. Tana ji tana fifita gawayi. Da na gama ta ce, "Kai na nawa ne cikin ɗiyanta?"

"Ni ne na hwari."

Ta ajiye mafici. "Kai ne na hwari? Kuma ɗaki guda kuka kwana, kwana biyu?"

"To ai ba ta gani, Gwaggo. In ta hwaɗi fa?"

"La'ilaha illallahu. Karatu dai bai yi maka rana ba, wallahi." Ta tafa hannu. "Wace macce ta miƙe ƙahwa gaban ɗanta na hwari? Ko ni da ke sai da shayi bakin titi ban yin haka. Ita ce ba ta gani, kai ai kana gani. Ka taɓa jin ta shiga bayi kana cikin ɗakin?"

Ban taɓa ji ba. Sai abubuwa suka fara dawo mini. Abincin da nake kawowa ba ya raguwa sai in na fita masallaci. Kofin ruwan da nake ajiye mata da dare haka yake wayar gari a cike. Kwana biyu matar nan tana zaune a takure da ƙishirwa, tana korar barci, ga tsoron makanta, kuma ta gwammace ta rasa idon a kan ta buɗe baki ta ce mini in fita. Rashin sani ya fi dare duhu.

Na miƙe zan haye sama in ba ta haƙuri, dattijuwar ta riƙo rigata.

"Zauna, sarkin gaggawa. In ka ce mata ka gane, ka ƙara mata wata kunyar. Nemi dalili naka na kanka. Shanye shayinka, ya huce."

Da dare bayan isha'i na kama bakin sandarta, ta riƙe ɗaya bakin, na bi da ita daga gado zuwa ƙofar bayi sau biyu, wai ina nuna mata inda famfo yake. Na kawar da kujera da takalma daga hanya. Sannan na tsaya tsakiyar ɗaki ina fifita da hula na ce, "Kai, ɗakin ga ya yi mini zahi. Ni waje zan kwana, nan bakin ƙohwa."

Ta ce, "Ai kuwa da zahi."

Na ja angarib ɗin mai gadi na fitar da shi baranda, na gicciya shi a bakin ƙofa. Ma'aikacin otal ya hau ya ce ba a kwana a hanya. Na ce masa to yau za a fara. Ya dube ni, ya ga idona, ya ce ma'alesh, wato ba komai, ya sauka.

Na kwanta na kasa kunne. Da farko shiru. Can na ji ƙarar sanda a ƙasa, ƙwas, ƙwas, sai ƙarar ruwa. Na ji an ɗaga kofi an ajiye, an sake ɗagawa. Gado ya yi ɗan ƙara. Ba a yi minti goma ba na ji minshari, siriri, mai ɗan fito a ƙarshensa. Na haura shekara arba'in a duniya, ban taɓa jin barcin mahaifiyata ba sai daren nan, ta bayan ƙofar otal. Sauro ya yi biki a kaina, baƙi na raɓa ni suna wucewa da jakunkunansu, ni kuwa ina kwance ina hawaye kamar ƙaramin yaro. Ban runtsa ba, kuma ban so in runtsa ba, kada wani ya buga ƙofa ya tashe ta.

Sai da rana ta fito na ƙwanƙwasa. Ta yi ta salati wai ta makara sallar asuba.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta duba awo ta ce, "Tamam," wato jinin ya daidaita. Aka shiga da Inna, ita ce ta kusa ƙarshe a layi. Ba a daɗe ba aka fito da ita da auduga da filasta a idon dama. Na sake kwana a baranda.

Inna ta yi shekara shida tana gani da idon nan kafin Allah ya karɓi abinsa. Ta ga jikokinta, ta koma tsince tsakuwa a cikin wake, ta koma yi wa 'yan mata faɗa in sun bar shara a lungu. Amma abin da na fi tunawa shi ne safiyar Laraba da aka buɗe filastar.

Babban likita ya riga ya tafi, wani ƙaramin likita ne ya cire audugar a hankali. Inna ta yi ta ƙifta ido, ruwa na zuba. Ya ɗaga yatsu, ta ƙirga masa da Larabci, biyu, biyar, ɗaya. Ya yi dariya, sannan ya nuna ni ina tsaye a bakin ƙofa riƙe da takalmanta.

"Ya Hajja, wancan fa? Kina ganinsa?"

Ta ɗago. Ta dube ni tun daga hula har ƙasa, ta sake komowa fuskata, ta daɗe. Sannan ta juya wajen ma'aikaciyar jinyar nan, Balarabiya wadda ba ta jin ko "zo" da Hausa. Inna kuwa Larabci a bakinta kamar ruwa. Amma da Hausa ta yi mata magana.

"Yarinya, yaushe furfura ta hito mashi haka?" Ta nuna ni da haɓa. "Ki ce mashi ya tahi ya kwanta. Dubi yadda idanunshi sunka yi ja."

Matar ta juyo gare ni ta ce, "Me Hajja take cewa?"

Na ce, "Ta ce tana gani."