Katifun Jirgin Ruwa na Hosne Ara

Lokacin da nake yaro a makarantar mishan a birnin Chattagram, bakin tekun da ke arewa da gari babu komai cikinsa sai laka da masunta da tsuntsaye. Yanzu can ne manyan jiragen ruwa suke zuwa mutuwa. A jawo su tudu a farfasa, a baje duk abin da ke cikinsu a bakin titi, daga ƙofa da fitila har cokali. A wannan titin Hosne Ara ta sayi katifunta.

Maƙwabciyata ce, bango ɗaya ya raba mu. Gajeriya ce mai ƙarfin damtse, bakinta kullum ja da taunar ganyen pan, wanda ake ci a nan kamar goro. Sana'arta rainon 'ya'yan matan da ke ɗinki a masana'antun tufafi: a kawo su da safe, a ɗauke su da magariba. Duk unguwa Khala ake ce mata, wato inna, har tsofaffi irina. Ni kuwa Masta take kirana, saboda koyarwar da na yi.

Sau ɗaya ta haihu. Yaron, Tuhin, yana barci a kan katifar auduga sa'ad da wutar maganin sauro ta faɗa kanta, uwar tana layin ruwa a bakin famfo. Auduga ba ta yin hayaniya, a ɓoye take ci. Yaron bai rayu ba. Matata marigayiya ce ta rirriƙe Hosne Ara a ranar. Tun daga nan ta rantse ba za ta sake kwantar da ɗan kowa a kan auduga ba.

Da ta fara raino, ni na raka ta titin kayan jirgi. Masu sayarwar suna da al'ada: don su nuna soso na jirgi ne na gaske, ba jabun kasuwa ba, sai su ƙyasta ashana su kanga a jikinsa. Na jirgi yakan ɗan yi baƙi, ya ƙi kamawa. Sauran masu saye gwaji ɗaya yake isarsu. Ita sai da aka gwada mata kowace katifa, gefe da gefe.

"Khala, kin ƙarar min da ashana," in ji mai shagon. "A gidan burodi za ki shimfiɗa su?"

"Kai dai ƙyasta. Idan ta kama, kai zan kwantar a kai."

Takwas ta zaɓa, waɗanda suka fi taurin kai a gaban wuta. Shekaru suka wuce, yara suka yi ta girma a kansu. Rigunan katifun suka tsattsage, soson ya fara marmashewa, yana zubar da gari rawaya. Kowace safiya nakan ji ƙarar tsintsiyarta ta bango.

A daminar bara wata budurwa mai suna Tanjila ta zo daga wata ƙungiya mai kula da lafiyar yara. Ba baƙuwa ba ce, a ɗakin Khala ta yi rarrafe. Ta gutsuri soso, ta kwashi ƙura a leda, ta tafi. Da ta dawo, Khala ta aiko a kira ni, wai kunne biyu ya fi ɗaya.

"Khala, abin da ya hana su cin wuta shi ne matsalar," in ji Tanjila. "Magani ne aka cuɗa a cikin soson, kuma ba ya zama wuri ɗaya. Yana bin ƙura. Yaro ya yi rarrafe, ya sa hannu a baki, ya shiga cikinsa. Yana iya taɓa girman ƙwaƙwalwa."

"Ke ma a kansu kika yi ta fitsari, ga ki da takardar jami'a."

"Wa ya sani, da ban kwanta ba wataƙila ni ce minista yanzu."

Khala ba ta yi dariya ba. Ta tofar da pan a gwangwani, ta ce, "Rakib ɗan Shefali da bai yi magana da wuri ba fa? Da Mitu, da ake ta maimaita mata aji?"

"Babu wanda zai iya ce miki saboda wannan ne. Babu kuma wanda zai iya ce miki ba shi ba ne."

"Waɗanda suka fi ƙin wuta na zaɓa. Masta na nan, tambaye shi."

Na tabbatar da haka, don gaskiya ce. Tanjila ta ce a fitar da katifun, a daina shara da busasshiyar tsintsiya, a riƙa goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, a wanke hannun yara kafin su ci shinkafa. Ta ce kada a ƙona su, hayaƙin ya fi ƙurar muni.

"Ƙonawa?" in ji Khala. "Ai da suna ƙonuwa da ban saye su ba."

Kashegari da safe ta jibge su a ƙofar gida, tana jiran mai kurar shara. Ta koma ciki goge-goge. Kafin azahar babu ko ɗaya. Ta buga min bango, na fito na same ta tsaye a cikin yayyafi ba takalmi.

"Masta, wa yake ɗaukar tsohuwar katifa mai zarnin fitsari?"

Ta riga ta san amsar. Mai jariri ne kawai.

Ta bar min yaran, ta shiga lungu lungu. Ina jiyo muryarta daga nesa, wani wuri roƙo, wani wuri zagi. Wata ta ce mata hassada ce, wata ta ce so take ta sayar. Mai kurar shara da ya iso ya ce ba zai ɓoye mata ba, idan ta ba shi kasuwa zai kai su. Haka ta yi ta jawo su ɗaya bayan ɗaya cikin taɓo, har bakwai suka dawo.

Ta takwas tana ɗakin Moyna, yarinyar da mijinta ya tafi aikin fasa jirgi bai dawo da ƙafafunsa ba. Ɗakinta a gangare yake, kusa da kwata, ruwa yana tsattsafowa ta ƙasa. Jaririnta Shuvo yana tari tun farkon damina. Khala ta ce in raka ta, ko Moyna za ta ji kunyar furfura.

Mun same shi kwance a kan katifar, yana barci da babban yatsa a baki. Maganin sauro yana hayaƙi a kan murfin kwalba kusa da kansa.

"Ki ba ni, 'yata. Guba ce."

"Na ji ana faɗa. Yaushe za ta kashe shi?"

"Ba kisa take yi ba. A hankali take..."

"To, wannan ƙasar ba a hankali take yi ba. Taɓa ki ji. Yau ne ya fara yin barci mai kyau. Ki bar ni da gubar da ke jiran shekaru, Khala, sanyi ba ya jiran Juma'a."

Na buɗe baki zan yi bayani irin na malamai, Moyna ta dube ni, ta kira ni Chacha, wato baffa. "Chacha, a wane aji ake koyar da kwana a cikin ruwa?"

Khala ta durƙusa ta dafa ƙasar, ta daɗe a haka. Sannan ta tashi ta fita. Na ɗauka ta haƙura.

Can sai ga ta da masu turin kura biyu, ɗauke da gadonta na katako, wanda aka kawo ta gidan miji da shi. A kansa akwai gidan sauronta, da bargon kantha da ta ɗinka da tsofaffin zannuwanta, auduga zalla, ninki a kan ninki. Da hannunta ta shimfiɗa shi. Ta ɗaga Shuvo ta kwantar da shi a kai, ta tsaya tana kallonsa kamar wadda ta ajiye yaro a bakin rijiya. Sannan ta ɗauki maganin sauron ta jefa a kwata.

"Idan na ƙara jin warin wannan a ɗakin nan, ni da ke ne. Ga gidan sauro. Murhu kuma waje, ko ana ruwan ƙarshen duniya."

"Ke kuma a ina za ki kwana?" in ji Moyna.

"Ina ruwanki? Miƙo min kayana."

Tanjila ta yi ta neman inda za a kai katifun a lalata su yadda ya kamata. Duk ofishin da ta je, har yau ana ce mata ta dawo gobe. Khala ta naɗe su a tamfol, ta ɗaure da igiyar jirgi, ta jibge a ƙuryar ɗakinta, ta sa sakata sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. A kan wannan tulin take kwana. Da na yi mata magana, sai ta ce, "Ƙwaƙwalwata ta gama girma, Masta. Abin da ta kai ke nan."

Murhunta yanzu a tsakar gidana yake, nan take dafa shinkafa da wake ta kai wa yaran. Na daina jin tsintsiya ta bango, sai ƙarar matse tsumma a bokiti. Yaran suna barcin rana a kan tabarma da kantha. A da wannan ne lokacin da take miƙe ƙafa ta naɗa pan, ta ƙwala min kira mu yi hirar mutanen da. Yanzu ba ta zama. Tana zagayawa a tsakaninsu tana shinshina iska, tana cusa hannu a ƙarƙashin kowane bargo ko za ta ji ɗumin da ba na jikin yaro ba.