Taku Goman Da Na Hana Rafi

Shekarun baya, rafin da ya ratsa bayan ƙauyenmu, can wajen Shanono, ya lalace mana. Da damina ya yi ta cin gaɓa yana kwashe gonaki, da rani kuma yashi ne fari fat, sai mun yi haƙa mun gaji kafin mu ga ɗan ruwan ban albasa. Lambuna yana bakinsa, da wani mangwaro da marigayi mahaifina ya dasa da hannunsa.

Ni na fara kawo shawarar gyara, wannan ko gaban alƙali zan maimaita. A majalisarmu ta gindin durumi na ce mu daina noma har bakin ruwa, kowa ya bar taku goma a dasa ciyawar jema da itacen geza, saiwarsu ta riƙe ƙasa. Aka kwashe da dariya. Wani dattijo ya ce, "To Malam, ciyawa za mu ci?" Na yi fushi na bar zancen, na ci gaba da nomana har gaɓa kamar kowa.

Abokina, wanda lambunsa ke jikin nawa, yana wurin yana sauraro. Ashe ya ɗauka. Ya je ya haƙura da kunya huɗu, ya dasa jemarsa shiru. Damina biyu gaɓarsa ko gezau. Mai gari ya je ya gani da idonsa, ya sa aka yi shelar gayya, kowace Asabar a dasa wa mutum ɗaya. Daga ƙarshe ya naɗa abokin nawa Sarkin Rafi, shugaban masu lambu.

Na je naɗin, na ci tuwo har da ƙari, na yi masa murna da baki. Amma hassada ce fal cikina. Shawarata ce fa, ga ta an naɗa wa wani rawani.

Da layi ya zo kaina, abokin nawa ya same ni ina ban ruwa. Ya ce, "Asabar gayya taka ce, a zo a auna?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, gonar gado ce, ba a naɗa ka a kanta ba."

Ya ce, "Haba mutumina, ai da maganarka muke aiki."

Na ce, "To na janye ta."

Ruwan tsakiyar damina bai san na janye ba. Ya zo ya tarar da jema hagu da dama, ƙofa ɗaya ce a buɗe, ita ce tawa. Da rana tsaka ina tsaye ina kallo gaɓa ta dinga zubewa, ruwa ya ci kusan rabin lambun. Kafin la'asar mangwaron mahaifina ya kwanta.

Na koma gida ina faɗa, wai an karkato mini da ruwa. Mahaifiyata ta bari na gama, ta ce, "Kai ka faɗa, shi ya dasa. Da ka dasa, da itacen ubanka yana tsaye."

Ban roƙi kowa ba, Asabar sai ga abokina da gayya, da damin jema daga lambunsa. Yana ta ce wa mutane, "Ku gyara da kyau, na mai shawarar ne." Wallahi wannan kirkin ya fi naɗin ƙona mini rai.

Yanzu ruwa yana kwanciya a rafin har bazara, tarwaɗa ma ta dawo. Ba zan yi ƙarya ba, har yau idan aka ce "Sarkin Rafi" sai hassadar nan ta ɗan motsa. Idan ta motsa, nakan taka zuwa gaɓa in dubi inda mangwaron yake a da. Nan ne tsakiyar ruwa yanzu.