Ranar da 'yan Argungu suka kwance ragarsu

Jiya a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi na hango wani tsoho yana ɗaura raga a filin ƙwallon kwando. Ashe Mamman Dogo ne, tsohon kyaftin ɗin kulob ɗin Argungu. Dariya ta ƙwace mini.

Zamanin muna jihar Sakkwato, shugabannin ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando suka dakatar da kulob ɗin su Mamman don sun nemi a sake zaɓe. Ciyaman ya manta ragar kwandunan filinmu na Birnin Kebbi baban Mamman ne ya saƙa ta, don masunci ne.

Ranar wasan ƙarshe sai ga Mamman da tsani.

Ciyaman ya ce, "Kai Mamman, mi kaka yi?"

Ya ce, "Ranka shi daɗe, tare munka zo da ita, tare za mu koma."

Aka fara wasa ba raga. Kowace jifa sai gardama, ta shiga, ba ta shiga ba, har alƙalin wasa ya ajiye usur. Washegari ciyaman da kansa ya shiga motar Argungu don ya ba su haƙuri. Aka sake zaɓe, ya faɗi.

Kafin ka kori mutum, duba ko kayansa ne a rataye a filinka. Wa ya taɓa ganin irin wannan a ƙungiyarsu?