Fulawar Ranar Juma'a

Lokacin muna zaune a unguwar Manfuha, can ƙasar Larabawa, maigidana direban wasu sojojin Ingila ne. Duk Juma'a bayan la'asar sai ya kwashe su zuwa bayan gari, ya dawo wandonsa fari fat da fulawa.

Na ce, "Malam, burodi kuke gasawa a sahara?"

Ya ce wai wasa ne. Ɗaya ke yin gaba yana barbaɗa fulawa, sauran su bi sawu a guje da gajeren wando, suna ihu.

"Manyan sojoji, har da mai furfura? Kai kuma ka yarda?"

"Hajiya, ni dai buhu nake riƙe musu."

Abin da ya tsorata ni ke nan. Soja ba ya yi wa ƙasar mutane alama a banza. In 'yan sanda suka zo, Bature katinsa zai nuna ya wuce, mai riƙe da buhu za a ƙwace wa iƙama, takardar zama a ƙasar, a sa shi a jirgi.

Sati uku ina mita yana dariya. A na huɗu ya dawo ba dariya, ashe motar 'yan sanda ce ta tsaya nesa tana kallonsu. Washegari ya roƙi kafil, ubangidan da ya ɗauke shi aiki, ya mayar da shi kai yara makaranta.